Rahoton aiki: haɗa tsohon samfurin Spitfire Mk.I a ma'aunin 1/72

5 ga Janairu

Abin da ke kan teburi samfurin roba ne na Spitfire Mk.I, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, tsohon zubi irin na shekarun 1970, wanda layukan jikinsa a tashe suke maimakon a tone. Sassansa talatin da 'yan kai ne a kan firam biyu masu launin toka, wato sandunan robar da sassan ke zuwa liƙe a jikinsu, sai murfin gilashi guda ɗaya da takardar tambari wadda ta riga ta yi rawaya saboda daɗewa. Irin waɗannan ne da yawa daga cikin masu wannan sana'ar hannu suka fara da su, a zamanin da kamfanin Airfix ke sayar da ƙananan jiragensa a leda da ɗan kwali a liƙe a bakinta, ana matsa gam daga kwanso, ana shafa fentin Humbrol na 'yan gwangwanaye da burushi. Har yau akwai waɗanda in aka ce fenti lamba 29 da 30 sun san ana nufin ruwan ƙasa da koren saman fiffike. Manufar wannan aiki ita ce a ga iya inda irin wannan tsohon zubi zai kai idan aka bi shi da kayan aikin yanzu, ba tare da an saya masa sassan ƙari ba.

Ma'aunin 1/72 na nufin inci ɗaya a samfuri daidai yake da ƙafa shida a jirgin gaske. Faɗin fukafukan Spitfire Mk.I mita 11.23 ne, tsawonsa mita 9.12, don haka samfurin ya kamata ya ba da santimita 15.6 da 12.7. An gwada da rula, faɗin ya zo daidai, tsawon kuma bai kauce da abin da ido zai kama ba.

An duba sassan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila. Akwai rarar roba a gefen fukafukai da farfela, wadda ke fitowa idan mazubi ya tsufa, bakinsa ya daina haɗuwa sosai. Akwai zagayayyun tabo a cikin gangar jiki inda sandunan inji suka turo sashen daga mazubi, sai 'yar loɓawa guda biyu a waje, daidai inda turakun haɗi suke a ciki, domin roba mai kauri tana tsukewa lokacin da take hucewa. An wanke firam ɗin duka da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa, an bar su su bushe da kansu.

Launin da aka zaɓa shi ne na bazarar 1940: Dark Earth (ruwan ƙasa) da Dark Green (kore mai duhu) a sama, Sky (kore mai haske sosai) a ƙasa. Kafin Yunin wannan shekarar ƙasan jirgin rabi baƙi ne rabi fari, wanda shi ma yana da kyau, amma tambarin da ke hannu na bayan canjin ne.

11 ga Janairu

Mazaunin matuƙi kusan wayam yake: kujera mai kama da benci, da mutum-mutumin matuƙi da zai zauna a kanta, shi ke nan. An ajiye matuƙin gefe. Da fallen roba mai kaurin milimita 0.25 aka yanka allon agogai da bangon bayan kujera, aka manna siraran tsiri a bangon ciki don su zama haƙarƙarin jirgi. Sandar tuƙi ta Spitfire zobe gare ta a kai, an lanƙwasa siririyar wayar tagulla a jikin bakin allura aka samu zoben. Ɗamarar kujera kuwa tef ɗin fenti ne aka yanka faɗin rabin milimita.

Ba a sa masa bene ba, domin jirgin gaske ba shi da shi, matuƙi kan ɗora ƙafafunsa ne a kan fedodin wutsiya, ƙasa kuma ana hango cikin gangar jiki. Cikin mazaunin ya sha fentin XF-71 na kamfanin Tamiya, kore mai toka-toka, kujera ta sha ja mai ruwan ƙasa irin na kujerun da aka yi da matsattsiyar takarda da ƙaro. Gaskiya da zarar an rufe murfi mai kauri irin wannan, kashi ɗaya cikin uku ne kawai na aikin zai bayyana. Saboda haka ba a ɓata lokaci kan abin da ke ƙasa da gwiwar matuƙi ba.

18 ga Janairu

Haɗa gangar jiki. Da aka gwada ɓangarorin biyu a bushe, sai aka ga turakun haɗin na jan ɓangaren dama ya ɗara na hagu tudu da kusan rabin milimita a kan hanci. An yanke turakun gaba ɗaya, aka shimfiɗa sanfefa mai lamba 400 a kan gilashi, aka goga fuskar kowane ɓangare sau uku ko huɗu a hankali har ta baje. Daga nan ido da yatsa ne ke daidaita su.

Gam mai ruwa irin Tamiya Extra Thin ba liƙewa yake yi ba, narkar da robar yake yi har ɓangarorin su zama abu guda. Ana haɗa su tukuna, a taɓa bakin burushi a layin, gam ɗin ya bi tsagar da kansa. Bayan daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin sai a matsa kaɗan, narkakkiyar roba ta bullo a kan layin. Wannan bullowar ita ake nema, domin idan ta bushe aka kankare ta, ba a buƙatar foti, wato abin cike gibi. An bi santimita biyu-biyu, daga hanci zuwa wutsiya. Abin kiyayewa: kada yatsa ko tef ya taɓa layin yayin da gam ke gudu, zai bi ƙarƙashinsa ya bar zanen yatsa a jikin robar.

Za a bar shi mako guda ba a taɓa ba. Dalili kuwa, sinadarin gam na ci gaba da fita daga robar kwanaki bayan ta yi kamar ta bushe, layin kuma yana ƙara nutsewa. Wanda ya goge washegari ya fesa fenti, bayan sati biyu zai ga layin ya dawo a ƙarƙashin fentin, a lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

26 ga Janairu

Fukafukai, kuma nan ne aikin ya fi cin lokaci.

Abu na farko, ɗagin fiffike. Fukafukan Spitfire a ɗage suke da digiri 6 daga gindi zuwa baki. A wannan ma'auni bakin kowane fiffike zai ɗara gindinsa da milimita 7 zuwa 8. Fallen ƙasa na wannan zubi guda ɗaya ne, kuma shekaru a cikin kwali sun miƙar da shi har ya kusa kwantawa. Idan aka manna fallayen sama a haka, gibin da ke tsakaninsu da gangar jiki zai kai milimita ɗaya, kuma mai gaggawa zai cika shi da foti. Foti zai rufe gibin, amma jirgin zai fito da fukafukai a shimfiɗe, duk wanda ya san Spitfire zai gane daga nesa. Abin da aka yi shi ne, an fara manna fallen ƙasa a gangar jiki, aka ja tef daga bakin fiffike ɗaya, ya bi ta saman jirgin zuwa ɗaya bakin, ana ƙara ja har ɗagin ya kai. Da ɗagin ya dawo, gibin ya rufe da kansa, saura kaɗan a hagu wanda aka cusa masa tsirin roba mai kaurin 0.25 aka jiƙa da gam. An ɗora jirgin a kan teburi da 'yan katakai biyu masu tsawo ɗaya a ƙarƙashin bakin fukafukan, ya kwana a haka.

Abu na biyu, ƙasan jirgin. A Spitfire na gaske, inda bayan fiffike ya haɗu da gangar jiki ta ƙasa akwai wata lanƙwasa, kwari biyu hagu da dama da ɗan tudu a tsakiya. Tsofaffin zubi da yawa sun bar wurin a baje, wannan ma haka. An naɗe sanfefa 400 a jikin sandar burushi aka tona kwarin biyu a hankali, tsawon kusan santimita ɗaya da rabi kowanne. Robar wurin ba ta da kauri sosai, shi ya sa tun kafin a rufe aka liƙa fallen milimita 0.5 ta ciki a matsayin madogara. Ba a kai zurfin na gaske ba, amma inuwar ta fito, kuma ta isa.

Na uku, gefen fiffike na baya. Kaurinsa a samfurin ya kusa milimita ɗaya, wato santimita bakwai a jirgin gaske, abin da ba zai yiwu ba. An kankare fallayen ta ciki da gefen aska kafin mannawa har kaurin ya ragu da fiye da rabi. Ta ciki ake rage shi, don kada siffar waje ta lalace.

Lagireto na ƙarƙashin fiffiken dama yake, ƙaramin mai sanyaya man inji kuma a hagu. Lagireton samfurin rami ne kawai, ana hango haske ta cikinsa, sai aka toshe gaba da baya da fallen roba da aka zana wa layuka da allura.

2 ga Fabrairu

Goge layukan haɗi: 400, sannan 600, sannan 1000, duka da ruwa. A kan hanci da bayan jirgi ana lanƙwasa sanfefar ta bi zagayen, in ba haka ba wurin zai baje ya zama fili. Loɓawar nan biyu an cika su da sufagulu, aka goge cikin awa guda, domin idan ya kwana ya fi robar tauri, sanfefa sai ta cinye gefen ta bar shi tsaye.

9 ga Fabrairu

Tonon layuka. Gugar da aka yi ta riga ta cinye layukan da ke tashe a kan hanci da bayan jirgi, don haka dole a zaɓi ɗaya: ko a maido da su da zaren roba, ko a tone duka. An zaɓi tonowa.

Kayan aiki allurar ɗinki ce a cikin mariƙi, da tef mai kauri irin na Dymo a matsayin rula, domin yana bin lanƙwasa kuma gefensa na da tudun da allura za ta jingina. Tsohon layin shi ne jagora: a liƙa tef a gefensa, a ja allura sau biyu ba tare da dannawa ba, nauyin hannu kawai, sannan a ƙara sau uku ko huɗu da ɗan ƙarfi. Yawancin zamewa a jan farko take faruwa, lokacin da allura ba ta da hanyar bi. Inda ta zame, ɗigon sufagulu da bakin tsinke, a goge, a sake. Bayan an gama fiffike guda sai a goge tsofaffin layukan da 1000, a share ƙurar cikin ramin da tsohon burushin haƙori, a bi ramin da gam mai ruwa wanda aka kusa tsane burushinsa, ya narkar da kaushin gefen.

Ba kowane layi aka maido ba. Rami mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita daidai yake da milimita 7 a jirgin gaske, alhali fallayen ƙarfen Spitfire a matse suke. Idan aka tone duk abin da ke zane, ƙaramin jirgi irin wannan zai cika da layuka har siffar fiffiken, wadda ita ce kyawunsa, ta ɓace. An tsaya kan murafun inji, murafun bindigogi takwas, da manyan layukan gangar jiki. Layukan sassan da ke motsi a fiffike da wutsiya an ƙara musu zurfi, domin su gibi ne na gaske. A Mk.I yawancin waɗannan sassan yadi aka lulluɓe su da shi, don haka ba a yi musu alamar ƙusa ba.

16 ga Fabrairu

Murfin gilashi na da layin zubi a tsakiya da 'yan ƙarce. An kankare layin, aka bi shi da sanfefa daga 1500 har 12000, kowace lamba ana canza mata fuska don a ga ta share ƙarcen wadda ta gabace ta, daga ƙarshe man gogewa da auduga. A tsakiyar aikin murfin kan yi fari kamar ya lalace, ci gaba kawai ake yi. Tsohuwar roba mai haske na saurin tsagewa, shi ya sa aka cika cikinsa da Blu-Tack, wani danƙo mai laushi, kafin a fara, don matsin yatsa kada ya fasa shi.

An rufe gilasan da 'yan guntayen tef, aka manna murfin da farin gam na katako. Sufagulu ba ya zuwa kusa da nan, tururinsa na barin farin hazo a cikin gilashi inda hannu ba zai sake kaiwa ba. An fesa koren ciki a kan firam ɗin murfin tukuna, don shi za a gani ta ciki.

Shimfiɗar farko, wadda ake fesawa kafin fenti, Mr. Surfacer 1200 ce, kashi ɗaya da tina (ruwan tsinka fenti) kashi ɗaya da rabi. Ta tona abin da ido bai gani ba: guntun layi a gaban gilashi, ƙarce biyu a gindin fiffiken hagu, da wani rami da allura ta zarce iyaka. An gyara, an sake fesa wuraren kawai.

23 ga Fabrairu

Fenti. Bindigar feshi mai bakin milimita 0.3, iska a kan 15 zuwa 18 a agogon kwamfireso, fenti kashi ɗaya tina X-20A kashi ɗaya da rabi, tazara santimita 5 zuwa 7. Sky tukuna, XF-21, shimfiɗa uku marasa kauri. Washegari aka rufe ƙasan da tef, aka fesa ruwan ƙasa, XF-52, a saman duka.

A gindin fiffike fentin ya fito da kaushi. Iska na juyawa a kusurwar da fiffike ya haɗu da gangar jiki, fentin ya bushe kafin ya sauka. An shafe wurin da sanfefa 3000, aka rage iska zuwa 12, aka matso kusa, aka ƙara ɗigon sinadarin jinkirta bushewa. Kishiyar wannan ita ce fentin ya yi ruwa da yawa ko a matso fiye da kima, sai ya watsu kamar ƙafafun gizo.

Zanen ɓad-da-kama na wancan lokaci iri biyu ne, A da B, ɗaya juyin ɗaya ne, don haka sai an duba hoton ainihin jirgin da ake kwaikwayo kafin a yanka komai. An buga zanen daidai girman samfurin, aka yanke sassan da za su zauna ruwan ƙasa, aka ɗora su a kan 'yan dunƙulen Blu-Tack, takardar ta ɗaga da rabin milimita. Ana fesa koren, XF-81, a tsaye daidai kan takardar, ba ta gefe ba. Gefen launin ya fito da ɗan laushi kaɗan. Wannan ma ya isa, domin a hotunan 1940 iyakar launukan a tsuke take, kuma laushin milimita biyu a samfuri ya zama santimita goma sha huɗu a jirgi.

An cire tef bayan awa guda, ana jan sa baya a kwance. Bai ɗauko fenti ba, amfanin wankin farko da shimfiɗar ƙasa ke nan.

2 ga Maris

An fesa X-22, fenti marar launi mai sheƙi, sau biyu, aka bar shi kwana biyu. Tambarin ruwa na son fuska mai santsi. A kan fenti marar sheƙi iska na maƙalewa a ƙarƙashin fatarsa, ta bayyana fari-fari kamar azurfa, musamman a kewayen haruffa.

Takardar tambarin tun Janairu take liƙe a jikin taga cikin leda, rana ta cinye yawancin rawayar. An gwada da wani tambari da ba za a yi amfani da shi ba, yana shiga ruwa ya wargaje. Saboda haka aka shafa wa takardar duka Liquid Decal Film na kamfanin Microscale, ruwan da ke yi wa tambari sabuwar fata, aka bar ta ta bushe. Bayan wannan dole a yanka kowane tambari daf da gefensa, domin fatar ta zama guda ɗaya.

Ruwa mai ɗumi, daƙiƙa goma, a ajiye a kan tsumma har ya fara zamewa da kansa. Micro Set, ruwan da ke taimaka wa tambari ya kama, a ƙasa, a zame tambarin da burushi, a matse ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe, sannan Micro Sol, mai tausasa tambari, a sama. Zai yamutse, kuma a wannan lokacin taɓa shi yaga shi ne. Zuwa safiya ya kwanta. Na saman fiffike shuɗi da ja ne kawai, na gangar jiki kuma da zoben rawaya a waje. Jan ɗigon tsakiya a wannan takarda ya kauce daga cibiya, sai aka fesa fari a kansa, aka huda da'ira a tef aka sake fesa jan a daidai. Tsofaffin tambari na da kauri, sai da aka bi layukan da ke ƙarƙashinsu da sabuwar aska aka ƙara Micro Sol sau biyu kafin su nutse.

9 ga Maris

An rufe tambarin da wani X-22. Wankin layuka da fentin mai ne, ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon baƙi, a tsinke shi sosai da tina marar wari, wadda ba ta cin fentin da ke ƙasa. A taɓa a layi ya gudu, bayan minti ashirin a share rarar da auduga daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi. A kan Sky an yi amfani da toka maimakon ruwan ƙasa, baƙi ya yi tsanani a can. Ƙasan Spitfire kan yi dattin mai daga bayan inji, an ja 'yan layuka da busasshen burushi, ba da yawa ba.

Ƙafafu sun shiga. A jirgin gaske waje suke naɗewa, tazararsu a matse take, kuma in aka duba ta gefe sun karkata gaba. Ramukan samfurin sun yi faɗi, ƙafa na rawa a ciki, don haka aka manna da gam mai jinkiri, aka tallafe jirgin da katakai, ana dubawa ta gaba da ta gefe har suka kama. Salansa uku-uku a kowane gefe, an huda bakinsu da ɗan dirin milimita 0.4, aka yi musu launin ƙarfen da ya sha wuta. Bakin bindigogi an rufe su da 'yan guntayen jan tambari, madadin jan ƙyallen da ake liƙawa don hana ƙura da sanyi shiga.

Abin da ya rage: fesa marar sheƙi na ƙarshe, hayaƙin salansa da garin alli, cire tef ɗin gilashi, da wayar rediyo daga sandar bayan matuƙi zuwa kan wutsiya, wadda za a ja daga guntun firam a kan harshen kyandir. Farfela mai fuka uku na nan a gefe, fukafukanta sun yi kauri, sai an kankare su ta baya kafin su sha baƙi da rawayar baki, wadda inci 4 ce a jirgin gaske, wato kusan milimita 1.4 a nan.